Rasuwar Baba Ƙidaya, Wanda Bai Taɓa Kawo Mugun Labari Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kallon allo ya riga ya rina, Injiniya tana sanar da rasuwar Baba Ƙidaya, tsohon shirin kwamfutar da ta rubuta da hannunta. Tana yin wannan sanarwa ne a madadin dukkan 'yan sa-kai masu gina manhajarsu ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara.

An haifi marigayi a kan teburin cin abinci, tsakanin fulas ɗin shayi da kwanon jariri, lokacin 'yar farinta tana rarrafe. An rubuta shi ne don ya yi aikin mako guda. Yau yarinyar tana sakandare.

Sana'arsa ɗaya ce. Duk ƙarshen wata yakan bi tarihin aikin tun daga tushe, ya ƙirga mutanen da suka kawo gyara, ya zana layi mai nuna ko jama'a na ƙaruwa ko suna raguwa.

Marigayi bai san gaggawa ba. In an tashe shi da safe, fankar kwamfuta ta ɗauki "fuuuu", Injiniya takan kai yara makaranta, ta dawo, ta yi wanki, ta shanya, sannan ya rubuta, "An gama." Bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

An kuma shaide shi da karamci. Wanda ya canza adireshin imel sau uku, mutum uku ne a wurinsa, kowanne da darajarsa. Har ɗan shirin nan da ke gyara waƙafi shi kaɗai, marigayi ya ɗauke shi mutum, ya sa shi a sahun gaba na masu ƙwazo. Saboda haka layinsa kullum sama yake yi. Shekara da shekaru Injiniya tana nuna shi a taron 'yan sa-kai, ana tafi.

Ciwon ajali ya fara ne da tarihin ya yi masa nauyi. Sai ya soma rikita kwanan wata, yana ɗaukar gyaran da aka yi bara ya kai shi baɗi. Injiniya ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta, ta ɗinke nan, can ya ɓarke. A safiyarsa ta ƙarshe fanka ta yi "fuu… fu…", ya rubuta, "Ban gane ba," ya yi shiru.

Dogo, abokin aikinta, wanda ya daɗe yana ba da shawarar a bar dattijon ya huta, shi ya rubuta magaji. Yaro ne mai zafin nama, ba ya komawa tushe kowane wata, daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Kafin shayi ya huce ya gama. Ya haɗe masu imel uku suka koma mutum ɗaya, ya sallami mai gyaran waƙafi, ya zana layinsa. Ashe layin ya daɗe yana gangara. Sababbin 'yan sa-kai na zuwa su kawo gyara ɗaya, ba wanda ya kula su, su tafi. Injiniya ta jima tana kallon allon, ta cire gilashi ta goge ta mayar, layin bai canza ra'ayi ba. A nan ne ta yi kukan rashin.

Marigayi ya bar magaji ɗaya marar kara, da tarin zane-zanen da yanzu ba a san inda za a rataye su ba, da wani layin rubutu a cikin shirin da aka rubuta wa "kar a taɓa", wanda har marigayi ya koma ga Allah ba a san amfaninsa ba. Ya kuma bar maigidan Injiniya, wanda ya karɓi labarin da juriya mai ban mamaki, ya kuma karɓe soket ɗin lantarkin da marigayi ya daɗe yana riƙe da shi.

Za a kai marigayi makwancinsa ranar taron mako, a ma'ajiyar tsofaffin shirye-shirye. Ba za a goge shi ba. Ana karɓar gaisuwa a shafin tattaunawar aikin, kuma ana roƙon duk wanda ya zo, kafin ya tashi, ya amsa wa ko da baƙo ɗaya da gyaransa ke jira. Iyalai suna kuma roƙon kada wanda ya buɗe cikin gawar don ganin ƙarshe. Rubutun da ke ciki ba na nuna wa jama'a ba ne. Sunan Injiniya na rubuce a layin farko, kuma tana da 'ya'ya.