Ƙugiyar da Tanimu Ya Manta

An yi wani mahauci a garinmu mai suna Tanimu, wanda mahauta suka zaɓa sakataren ƙungiyarsu don shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa shiga sakandare, ko da yake waɗanda suka san shi sun ce leƙawa kawai ya yi ya fito. Da aka gama ginin sabuwar mayanka aka sa ranar buɗewa, sai Sarkin Fawa, Alhaji Barmo, ya kira shi ya ce ya tsara masa jawabin maraba a buga a kwamfuta, don shi ba zai tsaya gaban jama'a da takardar da ta sha maiƙo ba. Shi kuwa Sarkin Fawa a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, kuma da gaske ya koya. Abin da ya gani a takarda shi yake karantawa, harafi bayan harafi, ba ragi ba ƙari. In ka rubuta masa shirme, shirmen zai rangaɗa a lasifika.

Ya dubi Tanimu ya ce, "Ka dai iya kwamfutar ko? In ba ka iya ba faɗa mini, akwai masu son kujerar nan taka."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya iya feɗe bijimi shi kaɗai, wata 'yar akwati ce za ta gagare shi?"

Alhali tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba.

Washegari da hantsi ya wanke hannu har sau uku, ya sa riga mai tsabta, ya nufi shagon wata mata mai suna Lantana da ke buga wa mutane takardu a bakin tasha. Ta miƙa hannu ya ba ta rubutun ta buga masa, ya ƙi, wai sirrin ƙungiya ne, da kansa zai yi. Ta ja masa kujera, ta buɗe masa farin shafi, ta koma gefe tana aikinta.

Tanimu ya zuba wa shafin ido. Can a sama wani ɗan siririn layi yana ƙiftawa, ya ɓace ya dawo, ya ɓace ya dawo. Ya jira ya daina, bai daina ba.

Ya ce, "Hajiya, ki ce wa abin nan ya daina azalzala ta. Tunani nake yi."

Ta ce, "Malam Tanimu, ba azalzalar ka yake yi ba. Wurin da rubutunka zai fito yake nuna maka."

Ya sunkuya ya fara neman haruffa da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Ya nemi A ya same ta a tsakiya, ya nemi B ya same ta can ƙasa, ya yi tsaki ya ce duk wanda ya jera haruffan nan bai gama aji ɗaya ba. Bayan wani lokaci mai tsawo ya cika layi biyu, ba tare da ya bar fili ko guda tsakanin kalmomi ba, duk sun manne da juna kamar hanjin da ba a warware ba. Lantana ta nuna masa dogon madannin da ke ƙasa, ta ce shi ne mai raba kalma da kalma. Abin ya burge shi, ya ɗora yatsa a kai ya manta bai ɗaga ba, sai ga ɗan layin nan ya zura a guje har ya sauka shafi na biyu.

Da ya yi kuskuren farko, sai ya lashi babban yatsansa ya shiga goge gilashin. Lantana ta yi wuf ta riƙe masa hannu, ta nuna masa madannin gogewa, ta ce kowane dannawa yana cin harafi ɗaya ta baya. Ya gwada, ya ga harafin ya ɓace ba ko tabo, ya jinjina kai ya ce lallai wannan ta fi wuƙarsa kaifi.

Yana cikin haka sai ya lura duk kalmar da ya rubuta, wani jan zare mai lanƙwashe-lanƙwashe ya fito a ƙarƙashinta. Ya tambaya, ta ce kwamfutar ba ta jin Hausa, duk kalmar da ba ta sani ba sai ta ja mata jan layi, ya rabu da ita kawai.

Ya ce, "In tsorata ni take son yi da ja, ta makara. Kullum da shi nake karya kumallo."

Sai bayan azahar ya kammala. Ya miƙe yana miƙa, ya ce yanzu ya yarda ta karanta, sirrin ya riga ya nuna. Lantana ta fara karantawa a fili, ta zo tsakiya ta tsaya, ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Ya ce, "Mene ne abin dariya?"

Ta ce, "Ka rubuta wai daga yau kada kowane mahauci ya zubar da kashinsa, ya tara shi a bayan mayanka, akwai masu zuwa ɗauka."

"To ai haka ne. Masu haɗa abincin kaji ne suke so."

"Ƙashi suke so, Malam Tanimu. Kai kuwa kashi ka rubuta. Babu ƙugiya a kan harafin."

Tanimu ya tuna wanda zai karanta jawabin, da irin yadda yake karatu, da lasifikar da za a kafa, sai ya koma kan kujera da sauri. Ya duba madannan kaf bai ga harafi mai ƙugiya ba. Lantana ta nuna masa inda ake ɗauko su, ta ce sai ya bi kalma-kalma yana gyarawa. Ya dubi tsawon rubutun, ya ce shi ba zai iya wannan tsince-tsincen ba, babu wata gajeruwar hanya? Ta ce akwai wurin da za ka ce wa kwamfuta ta nemo harafi ta musanya shi da wani, amma ana yi ne a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa masa k da ƙ a wurin, tana cikin bayani wani ya shigo da takardu, ta juya wajensa.

Tanimu ya ga wani madanni da ya fahimci yana nufin a musanya duka gaba ɗaya. Ya ce a ransa, ƙugiya ai sana'armu ce, da ita muke rataye nama, gara ta yi yawa da ta yi kaɗan. Ya danna.

Da Lantana ta dawo ta duba, sai ta ga Sarki ya zama Sarƙi, kasuwa ta zama ƙasuwa, mayanka ta zama mayanƙa. Ta gwada karanta layi ɗaya: "Ƙuma muna ƙira ga ƙowa ya ƙawo ƙansa." Ta tsaya ta shafa maƙogwaro, ta ce in Sarkin Fawa ya karanta wannan, kafin ya kai rabi za a yi zaton ƙashi ne ya maƙale masa a wuya.

Tanimu ya ruɗe, ya kama linzamin kwamfutar da ke gefen madannan ya ja, sai rubutun gaba ɗaya ya rufe da shuɗi. Ya ɗauka wani sabon ciwo ne ya kama shi, ya kai wa madannin gogewa duka. Shafi ya koma fari fat. Babu abin da ya rage sai ɗan layin nan yana ƙifta masa ido.

Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce a hankali, "Shi ke nan, Hajiya. Na yanka shi."

Lantana ta miƙo hannu ta danna madannai biyu tare, sai ga rubutun ya dawo. Ta sake dannawa, ƙugiyoyin da ya watsa suka zube, komai ya koma yadda yake kafin ya fara ɓarna. Ta ce wannan shi ne mai janye abin da mutum ya yi na ƙarshe. Tanimu ya daɗe yana kallonta, ya ce shekararsa ashirin yana yanka, bai taɓa ganin abin da aka yanka ya tashi ba sai yau.

Dole ya zauna ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana rataya wa kowace ƙugiyarta. Ya gyara ƙashi, ya gyara ƙafa, ya gyara ƙoda. Lantana ta sa ya adana aikin, ta buga masa a takarda, ya karɓa da hannu biyu ya nufi gidan Sarkin Fawa yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ya tarar da shi a zaure bayan la'asar. Sarkin Fawa ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara karantawa a hankali: "Muna maraba da manyan baki da suka halarci wannan taro."

Ya ɗago kai. Tanimu ya leƙa takardar. Ƙugiya ɗaya tak ya manta, kuma a layin farko.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi nake nufi. Ba ni in ruga in gyara kafin ta rufe shago."

Sarkin Fawa ya riƙe takardar. Ya ce, "Dakata. Su wa ka gayyata?"

Tanimu ya fara lissafi da yatsu. Ya ambaci ɗan siyasar da ya yi musu alkawarin rijiyar burtsatse sau uku, da ɗan kwangilar da ya rantse zai gama ginin cikin wata biyu ya shekara huɗu, da wani attajiri da ya aiko tun jiya yana tambaya ko za a yi balangu ko tsire kawai.

Sarkin Fawa ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Kada ka taɓa shi. Duk jawabin nan, nan kaɗai ka faɗi gaskiya."