Yaƙin Malam Hambali da Rundunar Ƙwayoyin Cuta

Da sunan Mai halittar manya da ƙanana, har da waɗanda ido ba ya gani. Wannan shi ne tarihin Malam Hambali ɗan Shuraihu, jikan Jatau wanzami wanda askarsa ba ta taɓa jin tausayin ƙeya ba, Sadaukin Aji Biyu, Garkuwar Allo, ma'abocin alli da tsumagiya, malamin kiwon lafiya a wata firamare da ke bayan kasuwar hatsi.

Asalin fitinar kuwa, bara da masu allurar rigakafi suka zo, ajinsa kaf ya haure katanga. Sai shugabar makarantar, Hajiya Turai, ta yanke hukunci mai tsanani: in aka sake gudu bana, za ta karɓe ajin ta ba shi aikin kaɗa ƙararrawa. Wannan magana ta soki Malam ƙwarai, domin duk duniya ba abin da yake so kamar ajin nan.

Ana gobe allura, gwarzon ya yi ɗamara, ya shigo da makamansa, wato fensiran kala da damin takardu da ya zana surar abokan gaba a kai: mai kama da sanda, mai kama da ƙwallo, da mai jela. Ya yi huɗuba mai ratsa zuciya a kan wani mai sayar da yadi a ƙasar Turai da ya fara leƙa ɗigon ruwa da gilashi ya ga halittu suna iyo, da yadda masu tatsar shanu suka tsira daga agana har aka gano rigakafi. Sannan ya ɗaga alli sama.

"Ku shafe maƙiyanku da kala, ku san fuskarsu!"

Rundunar yaran ta afka. Aka gwabza, jan fensir ya karye a fagen fama, kore ya ƙare, aka yi dambe a kan shuɗi. Amma kash, Malam ya manta da waɗanda yake jagoranta. 'Yan matan suka zana wa maƙiya lalle, suka ja musu kwalli, suka sa musu ɗankunne. Mazan suka ɗora musu hula. Kafin a tashi an raba gyaɗa an raɗa wa kowace ƙwaya suna, ta zama 'yar gida. Shi kuwa yana zagayawa yana yaba ƙoƙari.

Da gari ya waye, masu allura suka iso da akwatin ƙanƙararsu, kuma ba wanda ya motsa. Malam ya dubi Hajiya Turai da idon wanda ya ci gari, sannan ya yi shelar da ta halaka shi.

"Yau duk abin da kuka zana jiya zai mutu!"

Wata yarinya mai suna Ladiyo ta rungume takardarta.

"Malam, har da Kyauta? Ai ba ta yi wa kowa komai ba."

Daga nan kuka ya ɓarke, kowa ya cusa tasa cikin riga, suka haure katanga don ceton rai. Mutum ɗaya ya tsaya, Ɗanliti, wanda guntun baƙin fensir kaɗai ya samu jiya, ya kuma tsani abin da ya zana. Ya miƙa wa masu allura hannu ya ce a kashe ƙwayar.

Washegari aka ji ƙararrawa tun daga kasuwar hatsi. Masu tarihi sun haɗu a kan cewa ba a taɓa kaɗa ta da baƙin ciki irin na ranar ba, amma dai ta yi ƙara sosai.