Yadda Ake Fitar da Kwamin Wanka Ba Tare da Maigida Ya Tsufa Ba

Ke da mijinki ke ƙara idan zai miƙe, amma ya ce kujerar ce, matso kusa. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari kwamin wankan da ya cinye rabin banɗakinki zai fita ta ƙofa, a kafa shawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba sai an tsallaka komai ba, maigida kuma ya ci gaba da zama saurayi. An gwada dabarar a kan maƙwabcina, tsohon sufeton 'yan sanda, dogo kamar falwaya. Matarsa ce ta gwada, gajeruwar tsohuwar ungozoma da kowa ke ce wa Sista. Abin da ya ci Sufeto, naki loma ɗaya ne.

Mataki na 1: Ki san abin da kike yaƙa

Tun ranar da aka girke kwamin nan ba wanda ya taɓa kwanciya a ciki. Bokiti ake direwa a tsakiya, a ɗaga ƙafa a tsallaka, a tsaya ana kwara ruwa a kan abu mai santsi kamar bayan tarwaɗa. Amma Sufeto ya saye shi ne shekarar da aka ƙara masa girma, har baƙi yake kaiwa su leƙa. Saboda haka girman kai za ki tumɓuke, kwamin kuwa zai biyo baya.

Wata safiya Sista na yanka albasa ta ji rim! daga banɗaki.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Sabulu ne ya faɗi."

"Sabulun ne ya yi salati?"

Ya fito yana jan ƙafa, yana zagin wanda ya sayar masa da silifas.

Mataki na 2: Kada ki kuskura ki faɗi gaskiya

Masu wa'azin zaman aure za su ce ki zaunar da shi ku fahimci juna. Waɗannan ba su taɓa ce wa namiji ya tsufa ba. Ranar da kika faɗa, wanka uku zai riƙa yi, yana tsallake kwamin ba dafawa, don ki gani.

Yara ma kada su ji. Babbar 'yar Sista ta riga ta rantse: "Duk ranar da na ji ɗayanku ya zame, kulle gidan nan zan yi in kwashe ku." Har fenti ta yi wa ɗakin da za ta ajiye su. Sista ta taɓa leƙa shi. Ɗaki ne mai kyau, taga na kallon katanga, ta hango kanta a ciki tana tambayar jikoki inda ake ajiye gishiri. Sabulun nan idan ya sake faɗuwa, ko ƙugun Sufeto ya tafi, ko gidan.

Mataki na 3: Ki ari ciwon gwiwa

Namiji ba ya gyara saboda rauninsa, amma zai rushe bango saboda naki. Ki zaɓi gwiwa ɗaya, ki kuma riƙe wacce ce. Sista ta yi rayuwarta tana sauraron nishi iri-iri, don haka ta zaɓo mai kyau a ciki, ta riƙa sakinsa a ƙofar banɗaki.

"Jiya ba ta hagu ba ce?" in ji Sufeto, ta saman jarida.

"Yawo yake yi. Yallaɓai, kwamin nan ne ajalina."

Ya ninke jarida, ya gyara zama kamar an kawo masa mai laifi. "Ai na daɗe ina lura. Tsufa ya kama ki, Sista. Mu da muka sha fareti ba mu san wannan ba. A cire shi."

Wannan maganar za ta tsaya miki a wuya. Ki kora da ruwa.

Mataki na 4: Yara kuma ki sayar musu da ƙyashi

Idan 'yarki ta zo, ɗingishin ya tafi hutu. Ki yi tafiya kamar za ki kama mota. Sannan ki taɓe baki ki ce kin shiga banɗakin matar mai kemis, shawa ce ta zamani, ke kuwa an bar ki da kwalekwale.

"Haba Inna, gasa a waɗannan shekarun?"

"Shekarun wa?"

'Ya'ya sun fi saurin yarda uwarsu na da ƙyashi a kan komai, don sun san ta. Kafin mako ya zagayo 'yar ta turo mai gyaran famfo.

Mataki na 5: Ki ja mai gyaran famfo kicin

A nan akan yi ɓari. Sufeto ya tsaya a kan aikin da hannu a baya, ya sa a shimfiɗa tayil mai kaushi, a gina ɗan dakali na zama, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Ya ce Sista ta miƙa hannu a gwada. Aka yi alama daidai tsayinta, wato daidai aljihun Sufeto. Idan ya zame, sai dai ya gaisa da ƙarfen a hanya.

Sista ta kira mai gyaran famfon kicin, ta tura masa shayi mai kauri.

"Ɗan nan, ka ƙara wani ƙarfen a sama. Na rataye tawul."

"To, Inna, ƙusa biyu sun isa."

"Ka kafe shi kamar za a rataye bijimin sa."

Ya kalle ta ta bakin kofi. "Tawul ɗin tsohon ɗan sanda ne?"

"Sha shayinka."

Mataki na 6: Ki toshe kunne

Masu gyaran famfo suna toshe kowane yoyo ban da ta bakinsu. Wannan ya kurɓi shayi ya ce, "Ikon Allah. Baba ma ɗazu ya ja ni bayan gida. Ya ce ɗingishin nan naki wasan kwaikwayo ne, kada in nuna na gane. Amma wai tun bara yake jin nishin da kike yi a kwamin idan kin zaci ya fita, wannan na gaske ne. Ya ce in ƙarfen ƙasan ya girgiza, sai ya sa an rufe ni."

Sista ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba komai a ciki. Ni dai shawarata, idan kin ji irin wannan, ba ki ji ba.

Mataki na 7: Ranar duba aiki

'Yar ta zo, ta tsaya tsakiyar banɗakin, ta dubi dakali, ta dubi ƙarafa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

"Waɗannan fa?"

"Na tawul ne," suka ce baki ɗaya.

Ta kama na sama ta saki nauyinta a kai. Bai motsa ba. Ta kama na ƙasa ta jijjiga. Sannan ta dubi iyayenta, su biyu a bakin ƙofa kamar ɗaliban da aka kama da amsa a tafin hannu, ta ce, "Tawul ɗin gidan nan sun ji daɗi." Ɗakin da ta yi wa fenti, yanzu keken ɗinki ne a ciki. Kwamin kuwa yana tsakar gida, Sufeto ya shuka tumatir a ciki, yana gaya wa baƙi cewa saboda tsohuwa aka fitar.

Ba a jima ba, wata safiya Sista na cuɗa diddige, gwiwa ta lanƙwashe, wannan karon ba ciwon aro ba. Hannunta ya cafke ƙarfen ƙasa kafin salatin ya gama fita.

Daga falo aka ce, "Sista, lafiya?"

"Sabulu ne."

Aka juya shafin jarida. "A gaishe shi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba ta kuma san kan famfo ba. Idan gwiwar aro ta ƙi komawa, ko mijinki ya gane, ko kika gano shi ma jagorar yake bi, babu ruwana. Ni ko mijinki ban taɓa cewa ya tsufa ba, balle ke.