Sarkin Kunne da Ƙarar Minti na Bakwai

Duk faɗin Tokyo, in ana batun kunne, da Kuramochi-sensei, wato Malam Kuramochi, ake farawa, sannan a huta a nemi na biyu. Bai taɓa koyar da kowa komai ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana buga hatimi a wani ofishin gunduma. Amma ranar da ya yi ritaya ya bugo kati mai ɗauke da "Manazarcin Sauti", kuma tun daga nan duk wanda ya kira shi Kuramochi-san kawai, sai kunnen nan mai jin takun tururuwa ya kasa jinsa. A bayan idonsa kuwa Sarkin Kunne ake ce masa, kuma da ya sani da ya ƙara a jikin katin.

Kunne irin wannan sai da hidima. Ba ya shiga jirgin ƙasa sai ya toshe shi da auduga. Ba ya cin abu mai ƙaras-ƙaras ranar Lahadi. Matarsa Fumie ta daɗe da ajiye injin shara ta koma tsintsiya, ita ma a hankali.

Kowace Lahadi da yamma, tsofaffi tara ke haɗuwa a wani shagon kofi na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Koenji don sauraron faifai guda ɗaya, wanda ƙungiyar kiɗan rok mai suna Jan Tsatsa ta ɗauka a gaban jama'a a Nagoya a 1974. Dokar shagon ɗaya ce, kuma shi ya rubuta ta da hannunsa ya liƙa a bango: faifai na juyawa, baki na rufe. Kujerar tsakiya, daidai tsakanin lasifika biyun, tasa ce shekara ashirin da biyu. Fumie kuwa bakin ƙofa take zama kusa da ma'ajiyar laima, riƙe da jakar faifan, don ya daɗe da yanke hukunci cewa kunnenta na kicin ne.

Abin da ya ba shi kujerar yana cikin waƙar ƙarshe. A minti na bakwai, inda jita ke yin ƙasa, ana jin wata ƙara siririya sau uku, ƙil, ƙil, ƙil. Wani ya ce waya ce ta taɓa ƙarfe. Wani ya rantse fatalwa ce. Sarkin Kunne ya rubuta littafi mai shafi ɗari biyu da goma sha biyu ya kashe maganar. Ya buga kwafi ɗari uku, kuma ɗari biyu da tamanin suna nan lafiya a inda Fumie ke ajiye barguna a da.

"Ƙararrawar tunawa da mamaci ce," yakan ce idan an ɗaga allura daga kan faifai. "Mahaifiyar mai jitar ta rasu a makon. Ina layi na uku. Na gan shi ya ciro ta daga aljihu, ya kaɗa sau uku, hawaye na zuba. Ku kuna jin ƙara ne. Ni ina jin maraici."

Mutum ɗaya ne ba ya gyaɗa kai, Hagiwara, tsohon likitan haƙori, wanda ya saba kallon cikin bakin mutane ba tare da ya yarda da abin da ke fitowa ba.

"Sensei, ƙari ne. A situdiyo aka ɗora ta daga baya, don a sa irinku kuka."

"Hagiwara-san, wanda ya ƙare rayuwarsa da injin huda haƙori a gefen kunne, ai sai a yi masa uzuri."

"To kawo tikitin layi na ukun mu gani mana."

"Tikiti? Ga tikitina nan," in ji shi, ya nuna kunnensa na dama.

Hagiwara bai haƙura ba. Wata uku yana bincike, har ya gano injiniyan da ya ɗauki faifan, Onodera, ɗan shekara tamanin da uku, yana zaune wajen 'yarsa a Saitama. Da aka gaya wa Sarkin Kunne za a kawo shi, sai ya miƙe tsaye ya gyara kwat.

"Madalla. A shaida. Duk wanda aka samu ya fi ni kusanci da wannan sauti, kujerar nan tasa ce."

Ranar ta zo. Aka ɗora allura, Onodera ya murɗa na'urar ƙara ji da ke kunnensa. Sarkin Kunne ya lumshe ido, kuma a minti na bakwai daidai ya share hawaye da hankicin da Fumie ta goge masa da safe. Da ya buɗe ido sai ya ga kafaɗun tsohon na rawa. Ya ɗauka kuka ne, har ya miƙa masa hankicin.

"Ku yi haƙuri," in ji Onodera bayan waƙar ta ƙare, yana share hawayen dariya. "Ai wannan waƙar ba a Nagoya aka ɗauke ta ba. Tef ya ƙare mana kafin a kai gare ta. Bayan mako biyu muka sake ta a situdiyo a nan Tokyo. Tafin ma daga wasan ƙwallon sanda na yanko."

Hagiwara ya buga cinya. "Ban ce ba? Ƙari ne!"

"A'a, ƙarar dai ba wanda ya ɗora ta. Taliya muka aika a kawo. 'Yar mai shagon ta turo ƙofa ba ta lura da jar fitilar da ke nuna ana ɗauka ba, kwanoni suka gogi juna a cikin akwati. Na ce a sake, mai jita ya ce shi ba zai bar taliyarsa ta kumbura ba."

"Mahaifiyarsa fa?" wani ya tambaya.

"Ta kai casa'in da tara. Har ta binne shi."

Sarkin Kunne bai girgiza ba, a ba shi wannan. Ya ce da duk girmamawa, ƙwaƙwalwar ɗan shekara tamanin da uku ba hujja ba ce a ilimin sauti, kuma shi ba ya karɓar labari sai da shaida na biyu.

"Kwano biyar ne," aka ce daga bakin ƙofa. "Huɗu da jatan lande, ɗaya ba albasa."

Onodera ya waiga, ya ƙura wa Fumie ido. "Ni ne mai ba albasa! Ke ce 'yar Tsuruta mai taliya?"

Ta ɗan rusuna. Sarkin Kunne ya san surukinsa taliya yake sayarwa, ya ma san shagon. Bai taɓa cin abinci a can ba ne kawai, don ƙarar zuƙar taliya na cutar da kunne.

"Fumie," ya ce, muryarsa ta koma ta mai buga hatimi. "Shekara arba'in da shida. Me ya hana ki gaya mini?"

"Baban Emi, yaushe? In faifai na juyawa ka hana magana. In ya tsaya kuma kai ke yi."

Hagiwara, wanda shi ma ya rasa kujerar amma bai taɓa jin daɗi haka ba, ya tuna wa jama'a alkawari kalma bayan kalma. Ba a yi gardama ba. A ɗakin nan mutum ɗaya ne kawai ke cikin faifan.

Fumie ta miƙa wa mijinta jakar, ta zauna a tsakiya, ta ce don Allah a maimaita waƙar, ba ta taɓa jinta daga nan ba. Shi kuma ya koma kusa da laima, inda babu abin da ake ji sosai sai gurnanin firji. A minti na bakwai kwanoni suka yi ƙil, ƙil, ƙil. Sarkin Kunne ya buɗe baki, don ya riga ya gano cewa ko a ƙarar kwano akwai wani irin maraici.

Fumie ba ta ko waiga ba. Ta ɗaga yatsa ta nuna masa takardar bango.