Jirgin Kyaftin Ashiru

Gyaɗi-Gyaɗi unguwa ce mai sa'a. Ba ta da kogi, ba ta da teku, amma tana da Alhaji Ashiru, mutumin da ya fi kowa sanin ruwa a duk faɗin Tarauni. Ba a makaranta ya koya ba, makaranta ta yi masa kaɗan. Kamfanin ruwan leda gare shi, kuma kamar yadda yake yawan faɗa, wanda ya daɗe yana ɗaure ruwa a leda babu abin da ruwa zai ɓoye masa. Kowace leda da hotonsa a jiki, yana murmushi. Saboda tsananin kusancinsa da jama'a, hoton nan bai tsaya a shaguna ba. Ya bi kwatocin unguwa kaf ya cika su maƙil, har ruwan sama ya rasa ta inda zai wuce.

Shi ya sa duk damina layin da ke gangare yake komawa tafki. Da ƙaramin mutum ne, da sai ya ce a yashe kwata. Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Jirgin ruwa ya sayo.

Na hannu ne, daga Yawuri aka ɗauko shi a bayan tirela aka girke a ƙofar gida. Aka shafe shi da fenti, aka rubuta sunan mai shi dama da hagu, don ko kifi kada ya yi kuskure. Daga ranar ya daina amsa Alhaji, sai Kyaftin. 'Yan adaidaita sahu suka ƙara masa da Sarkin Ruwan Tudu. Ya ji daɗin sarautar ƙwarai, bai tsaya sauraron ƙarshenta ba. Ya sayi farar hula mai baki, da usur, da rigar ceto mai ruwan lemo wadda yake ɗorawa a kan babbar riga ko wajen ɗaurin aure ne. Gogewa kuwa ba a magana. Ya taɓa shiga kwalekwale a dam ɗin Tiga, kuma waɗanda suka je tare sun shaida bai buɗe ido ba har aka dawo gaɓa, saboda zurfin tunani.

Abin da ya fi alfahari da shi injin ne.

"Wannan ba janareton mai aski ba ne da za a yi ta jan igiya kamar ana ɗiban ruwa a rijiya," in ji shi. "Makulli gare shi. Ka murɗa, ya amsa. Kamar ma'aikatana."

Ranar da yake jira ta zo cikin Agusta. Tun hantsi aka tsuge da ruwa, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Gangare ya cika. A can ƙarshen layin shagon Indo mai markaɗe yake, wadda injin markaɗen nata ne yake ciyar da ita da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Ruwa ya haura dokin ƙofa, ya kama ƙafafun teburin da injin ke kai, yana hawa a hankali. Ƙanenta Ɗan'azumi, mai adaidaita, ya naɗe wando shi da abokansa za su shiga su ɗauko.

Usur ya tsayar da su.

"Kada wanda ya kuskura ya taka ruwan nan! An wuce zamanin ceto da ƙafa. Unguwar da take da jirgi ba za ta koma baya a gaban idona ba."

Shagon Indo na Kyaftin ne, haya take yi. Rabin masu adaidaitan layin kuma ruwansa suke dako. Suka saki wanduna.

Sai dai ceto ba ya yiwuwa ba jawabi, jawabi ba ya yiwuwa ba lasifika, unguwa kuma ba wuta. Kyaftin mutum ne mai dabara. Kafin a turo jirgin daga gida, da hannunsa ya buɗe akwatin da ke baya kusa da inji, ya kwance batir, ya kai shi goshin jirgin ya maƙala masa wayoyin lasifika. Ya hura makirfo, aka jiyo shi har titin gidan Zoo. Daga nan ya manta da zancen, yadda manya ke manta ƙananan abubuwa.

Aka turo jirgi bakin ruwa. Jama'a suka ɗaga wayoyi. Kyaftin ya gode wa kansa a madadin al'umma, ya yi bismilla, ya murɗa makulli.

Ko tari injin bai yi ba.

"Kada kowa ya tayar da hankalinsa," in ji lasifika. "Inji irin wannan sai da lallashi. Bari in yi muku bayani, ku ƙaru."

Ya fara da fetur. Ya tsoma yatsa ya sansana, ya sanar da duniya cewa man ƙasar nan ya lalace. Ya matsa tiyon mai har hannunsa ya gaji. Ya murɗa. Shiru. Ya kwance fulogi, ya hura masa iska, ya goge da gefen babbar riga, ya ɗaga shi sama don 'yan baya su gani. Ya murɗa. Shiru. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa injin ta hagu, ya kasa kunne kamar likita, ya ƙwanƙwasa ta dama.

"Alhaji, don girman Allah," in ji Indo daga bakin ruwa, "ruwan ya kusa kai saman teburin nan."

"Kyaftin," ya gyara mata. "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Gaggawa ce take kifar da jirage."

Ya sunkuya zai mayar da sifana, idonsa ya faɗa cikin akwatin baya. Wayoyi biyu ne a kwance, ja da baƙa, kamar marayu. Ya bi wayar makirfonsa da kallo har goshin jirgi, ya ga batir zaune lafiya lau yana ta aikinsa.

Abin a yaba ne, Kyaftin ya gane nan take. Gyaran ba wuya, ya ɗauko ya mayar ya ɗaure. Amma sai lasifika ta mutu. Kuma sai ya ratsa jirgin daga goshi zuwa baya rungume da batir, a gaban wayoyin nan duka, a gaban mutanen da yanzun nan ya gama koya wa fulogi. Ya dubi shagon Indo can nesa. Ya dubi makirfo a hannunsa. Ya sa ƙafa a hankali ya tura murfin akwatin ya rufe.

"Jama'a, bincikena ya kammala," in ji shi. "An yi wa injin nan baki. Akwai masu baƙin ciki da ci gaban unguwar nan, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya."

Indo ta cire silifas ta miƙa wa wata maƙwabciya. Ta gyara ɗaurin zani.

"Gobe ka aiko a karɓi makullin shagonka," ta ce. Ta shiga ruwa.

"Yaya, tsaya mana!" Ɗan'azumi ya bi ta, abokansa suka bi shi, usur na ta tsuwa a bayansu. Babban tekun Gyaɗi-Gyaɗi iya cinya ya tsaya musu. Suka fito ɗauke da injin a kafaɗa, ƙasansa na ɗiga, ledoji masu murmushi sun manne musu a ƙafa. Suka wuce ta gefen jirgin ceto suka dire shi a tudu.

Indo ta goge shi da gefen mayafi. Lasifika kuwa ta shiga babin hassada da illolinta. Indo ta naɗa igiya ta fizga. Ya yi tari. Ta sake naɗawa, ta taka da ƙafa ɗaya, ta fizga da duk ƙarfinta.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da injin markaɗe ya san ba a jawabi a gabansa. Ya ɗauki ƙara ya cika layin, mata suka rangaɗa guɗa, wayoyi suka juya baya ga jirgi.

Kyaftin bai fasa ba, don manya ba sa barin magana a rabi. Yana tsaye cikin rigar ceto, ido waje, baki na buɗewa yana rufewa, ba a jin ko kalma. Tun da aka naɗa shi Sarkin Ruwa, ranar ce kaɗai ya yi kama da wani abu da ke zaune a cikin ruwa.