Ranar da Na Mayar da Ɗakin Awaki Gidan Tarihi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so in manta, da ranar da na tsaya gaban dattawan garinmu ina karantar da su tarihin abin da suka gina da hannunsu.

Garinmu yana tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma injin gurzar auduga ne ya tara mutanensa. Injin ya daɗe da tsayawa, amma gine-ginen zamaninsa suna nan. Da na dawo gida da digirin tarihi, sai na tarar ƙungiyar raya gari ta yanke shawarar rushe tsofaffin gine-ginen bakin kasuwa domin a yi rumfuna. Na rubuta musu wasiƙa mai shafi huɗu (babu kuskuren ƙa'idar rubutu ko ɗaya a cikinta, da wannan kam har yau ina alfahari). Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sani, ya kira ni ya ce, "To, Malam mai digiri, gini ɗaya za mu bari. Ka nuna mana wanda ya fi tsufa."

Mako biyu na yi ina zagaye da littafi da igiyar awo, ban tambayi kowa komai ba, domin a ganina wanda ya yi karatu ba ya neman labari a bakin kasuwa. An koya mana cewa tubali, wato curin ƙasar da ake mulmulawa da hannu, aikin mutanen da ne, bulo kuwa na baya-bayan nan ne. Sai na ci karo da wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa, yaɓensa ya zube, tubalinsa a fili. Na ce alhamdulillahi.

Ranar Asabar da hantsi na sha babbar riga, na jagoranci dattawa zuwa wurin, na gyara murya.

"Iyayena, wannan gini ya haura shekara ɗari. Ku dubi tubalinsa. Ku dubi gajartar ƙofarsa, an yi ta haka ne domin mai shiga ya rusuna, kuma wannan shi ne ladabin magabata."

Wani tsoho da ake kira Baba Ilu magini ya dogara sandarsa ya matso.

"Ɗana, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni na gina shi, shekarar da aka yi bikin autata Larai. Ɗanta na fari bana ya shiga firamare."

"Amma Baba, tubalin fa?"

"Maƙwabcina ne ya ari akwatin buga bulona bai dawo da shi ba, sai na mulmula da hannu. Ƙofar kuwa, ai akuya ba ta bukatar doguwa."

Bai rufe baki ba wata jar akuya ta leƙo daga ciki, tana tuƙa, tana kallona. Alhaji Sani ya riƙe ciki don dariya ya ce, "Malam, rusuna mana, ga magabata sun fito!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na tuna idan na gudu, ginin da ya cancanta zai tafi tare da sauran. Na haɗiye digirina na ce, "Baba, don Allah wanne ne ya fi tsufa?"

Ya nuna da sanda. Shagon cajin waya ne, mai shafen siminti da koren fenti.

"Ɗakin awon auduga ke nan. Ubana yana yaro aka gina shi. Shiga ka ɗaga kai, ƙugiyar sikeli tana nan a jikin azara."

Ban bukaci shiga ba. A wannan ƙugiyar nake rataye jakata kullum idan na kai cajin waya (har da littafin binciken a ciki).

An bar shagon, yana nan tsaye. Ni kuma aka bar ni da sunan Malam na Awaki, wanda ko a wurin ɗaurin aure da shi ake kirana. Tun daga ranar, ba na auna bango sai na fara gaishe da tsohon da ke zaune a inuwarsa, in kuma leƙa ciki in ga ko akwai mai tuƙa.