Latsau Ya Ɗaura wa Waya da Kwamfuta Aure

"Ni fa duk abin da ke da madanni, in na kalle shi sau biyu sai ya gaishe ni."

Da wannan Latsau ya karya mana kumallo ranar Litinin, yana tsaye bakin sito da tarin makullai a ƙugu kamar gandiroba. Abokina, in ba ka san Latsau ba, shi ne mai kula da sito a kamfanin kayan katako inda nake tuƙa motar kai kaya. Aikinsa ƙirga ƙusa da gwangwanin fenti, amma a ransa injiniya ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Sunan kuwa mu muka raɗa masa, tun ranar da ya latsa injin kwafi ya fito da hoton tafin hannunsa sau tamanin.

Abin da ya jawo kurin, Manaja ce ta dawo tana mita. Ta je gidan mai saye, ta manta filas ɗin ajiyar takardun kwamfuta a ofis, ta rasa awon kabad ɗin da za ta nuna.

"Ranki ya daɗe, filas a wannan zamani?" in ji Latsau. "Ai aure ake ɗaura wa waya da kwamfuta. Ki rubuta a can, ki gani a nan. Minti biyar ya ishe ni."

Sakatariya ta ce, "Malam, a bari mai gyaranmu ya zo jibi."

"Ƙanwata, wannan mai gyaran naku a wurina yake satar amsa."

Manaja ta ƙanƙame wayarta ta ce ya gwada da tasa tukuna. Gogan ya ture Sakatariya gefe, ya naɗe hannun riga. Minti biyar ɗinsa ya haifi awa guda. Duk tambayar da kwamfuta ta yi masa sai ya latsa mata "na yarda", ko layi ɗaya bai karanta ba. Abin haushin, sai abu ya kama. Takardun ofis kaf suka kwararo cikin wayarsa. Ranar har mai gadi sai da aka nuna wa.

Kafin hutun rana waya ta cika ta batse, ta ɗauki zafi kamar dutsen guga. Ya so ɗaukar kansa hoton nasara, ta ce babu wuri.

"Ƙaramin abu," in ji shi. "Ai kwafi ne." Ya zaɓi takardun duka ya goge.

Muna dawowa muka tarar da Sakatariya ta zuba tagumi. Awon ƙofofi da gadaje da kabad na mutum arba'in da biyu, wanda aka yi mako uku ana bin gidaje da tef, ko ƙura babu a kwamfuta. Ga kafintoci tsaye da zarto suna jira.

"Ba ɓata suka yi ba," in ji Latsau, yana share gumi. "Suna cikin gajimare, inda intanet ke ajiya."

Babban kafinta ya leƙa ta taga, ya dawo da kansa. "Yau ko hadari babu."

"Baba, wannan ba maganar katako ba ce. Akalar kawai zan juya."

Ya sake dira kan madanni. Can sai ga abubuwa suna shigowa kwamfuta ɗari-ɗari. Ya aika a kira Manaja ta zo ta ga aiki. Ta zo, ta tsaya bayansa, mu ma muka yi dafifi.

Na farko da ya buɗe, Latsau ne a kujerar Manaja, ƙafa ɗaya kan tebur. Na biyu, Latsau sanye da tabarau ɗinta, yana sa hannu a farar takarda. Na uku bidiyo ne, kuma da kansa ya tashi:

"Kawu, kamar yadda kake gani, nan ne ofishina. Akwai wata dattijuwa da ke ɗan riƙe mini wurin in na fita."

Duk muka juya muka kalli Manaja.

"Dattijuwa," in ji Manaja, a hankali, kamar mai ɗanɗana magani.

"Ranki ya daɗe, dattijuwa ta fuskar hankali."

Yana magana hannunsa na bayansa yana goge-goge a waya. Mu kuwa muna kallon hotunan suna ɓacewa daga kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Sakatariya ta ce, "Af, ashe haka aka yi." Ta karɓe kujerarta, ta buɗe kwandon sharar kwamfuta, latsi biyu, sai ga awon mutane ya dawo cif. Don kada a ce ta yi son kai, ta dawo da bidiyon ma.

Manaja ta ce kowa ya fita ban da Sakatariya.

Kana zaton ya yi laushi? Ina. A bakin sito ya tara mu yana bayanin cewa tsarin lafiyarsa lau, mutanen ne ba su kai matsayinsa ba. Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Kun ji ko? Sabuwar takarda ce, yanzun nan ake buga ta a ciki, ga ta har ta iso. Wane mai gyara zai iya wannan?"

Ya ɗaga wayar sama ya fara karantawa da ƙarfi, don a ji ta taga. "An dakatar da mai kula da sito na tsawon mako biyu, saboda..." Nan ya tsaya. Ya yi ta maza ya ce, "Mako biyu? Hutu ne. Dama ofishin nan ya yi mini kaɗan."

Muna kallo, "mako biyu" ya goge kansa harafi-harafi, "wata uku" ya zauna a gurbinsa.

Babban kafinta ya gyara tabarau, ya matso kusa da wayar.

"Gaskiya yaron nan ka iya aiki," in ji shi. "Ƙara magana, mu ga ko zai kai shekara."